Sharhi: Kwalbar Bitamin Ba Ta Sauke Hawan Jini

Jama'a masu sauraronmu na Illela da kewaye, daga Araba zuwa Kalmalo, da maƙwabtanmu na Gada da Gwadabawa, da kuma 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka a Birnin Ƙonni da ke kama wannan tasha,  sharhinmu na yau a kan ciwon zuciya ne, da kwalaben bitamin da ake tallar su a matsayin maganinsa, da kuma gyaran ci da sha da zaman yau da kullum wanda likitoci ke ta nanatawa.

Duk wanda ya shiga kasuwar Illela ranar Lahadi, tun kafin ya isa kara wurin shanu da raƙuma, lasifika ce za ta tarbe shi. Mota ce an buɗe bayanta an jera kwalabe da kwalaye, mai talla yana ta zuba: wannan na wanke jini, wannan na narkar da kitse, wannan na ƙara wa zuciya ƙarfi, wannan daga Indiya ya zo, wancan daga Dubai. In ka tsallaka Ƙonni ranar Laraba, irin wannan kirarin za ka ji, sai dai a can da sefa ake ciniki. Yanzu ma ba sai an je kasuwa ba, tallan ya biyo mutane har cikin waya ta WhatsApp da TikTok. Kuma ana saye. Magidanci zai ji yana haki in ya ɗan taka, ko ya ga ƙafar mahaifiyarsa ta kumbura, sai ya zaro kuɗin da ya sha wuya kafin ya same su, ya sayi kwalba mai hoton jar zuciya, ya koma gida hankali kwance, a ganinsa ya sauke nauyi.

Niyyarsa mai kyau ce, kuɗin ne suka tafi inda ba za su yi aiki ba. Bitamin na da amfani ga jikin da ya rasa shi, wannan babu musu. Amma ciwon zuciyar da ke kwantar da mutanenmu, mafi yawansa ba rashin bitamin ne ya kawo shi ba, don haka bitamin ba zai ɗauke shi ba.

Mu fara da sanin abin da muke fama da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 17.9 ne suka rasu ta dalilin cututtukan zuciya da jijiyoyin jini, kusan kashi ɗaya cikin uku na dukkan mace-macen duniya. Fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan a ƙasashe irin namu ne, ba a Turai ko Amurka ba. Maganar cewa ciwon zuciya ciwon masu kuɗi ne ta daɗe da faɗuwa. A 2012 an wallafa wani bincike da aka yi a asibitocin ƙasashen Afirka 9, har da Najeriya, kan mutum sama da 1,000 da aka kwantar saboda zuciyarsu ta gaza. Abin da ya zo kan gaba wajen jawo musu ciwon shi ne hawan jini, kusan rabinsu ke nan, kuma matsakaicin shekarunsu 52 ne. Wato iyaye ne masu ciyar da gida, ba tsofaffin da suka gama aiki ba. A Najeriya kuwa, bincike daban-daban sun nuna kusan mutum ɗaya cikin kowane baligi uku yana da hawan jini, kuma da yawa ba su ma san suna da shi ba.

Masu noman rani a fadamun Kalmalo sun san abin da ke samun injin ban-ruwa in tiyo ya matse. Injin zai yi ta gurnani yana tura ruwa da ƙarfin da ya wuce ƙima, yau da gobe har ya gaji, ruwa ya koma yana taruwa a baya. Haka zuciya take da mai hawan jini. Tana tura jini cikin jijiyoyin da suka ƙi sakewa, naman jikinta ya yi kauri, daga baya ya saki. Daga nan ruwa ya fara taruwa a huhu da ƙafafu da ciki. Shi ne za ka ga mutum ba ya iya kwanciya sai ya tara matasai, yana farkawa cikin dare numfashi na neman ɗaukewa, takalminsa ya daina shiga. Zuba wa injin mai mai tsada ba zai buɗe tiyon ba. Abin yi shi ne a rage matsin.

To, me ya sa muke faɗar haka da ƙarfi game da bitamin? Saboda an gwada, kuma gwajin ba na wasa ba ne. A Amurka an ɗauki likitoci maza 14,641, aka ba rabinsu ƙwayar bitamin mai haɗe-haɗe kullum, rabi kuma aka ba su ƙwaya mai kama da ita wadda babu komai a ciki. Aka bi su fiye da shekara 10. Da aka fitar da sakamako a 2012, bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba su ragu ba a wurin masu shan bitamin. Bitamin E, wanda aka taɓa yi wa kallon garkuwar zuciya, an gwada shi a kan dubban masu ciwon jijiyoyin jini da masu ciwon suga. Rahoton da ya fito a 2005 ya nuna bai kare su ba, har ma an ɗan fi samun gazawar zuciya a cikin masu shan sa. A 2018 kuma aka kammala gwajin bitamin D da man kifi a kan mutum 25,871 na tsawon kusan shekara 5, nan ma jimillar manyan cututtukan zuciya ba ta sauka ba. Shi ya sa a 2022 kwamitin ƙwararrun Amurka kan rigakafin cututtuka ya ba da shawarar kada a sha bitamin E ko sinadarin bita-karotin da nufin kare kai daga ciwon zuciya ko kansa. Shi bita-karotin ma an gano yana ƙara haɗarin kansar huhu ga masu shan taba.

Ƙasashen da aka yi waɗannan gwaje-gwaje suna da manyan kamfanonin da ke sarrafa bitamin. Da ƙwayar na maganin zuciya, da su ne za su fara shelanta wa duniya.

Amma kada a ce mun yi wa bitamin da sauran sinadarai kuɗin goro. Akwai inda suke da muhimmanci ƙwarai, kuma wurin ya shafe mu fiye da kowa a duniya. Ina nufin iyayenmu mata masu ciki da masu jego.

Akwai wani ciwon zuciya da ke kama mace a ƙarshen goyon ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. Mace ce da ba ta taɓa ciwon zuciya ba, sai a ga ta kumbura, tana haki, tana tari in ta kwanta, ɗaukar jaririn ma ya gagare ta. A gida sai a ce gajiyar haihuwa ce, ko sanyi ya shige ta, wasu ma su ce iska ce ko sammu. A Amurka mace ɗaya ake samu da wannan ciwo a cikin haihuwa 1,000 zuwa 4,000. A nan Sakkwato kuwa, binciken da Farfesa Simeon Isezuo da abokin aikinsa suka yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka wallafa a 2007, ya samu mace ɗaya a cikin haihuwa 102. Ƙasar Hausa na cikin wuraren da wannan ciwo ya fi yawa a faɗin duniya.

Tun farkon shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka bi diddigin mata sama da 200 masu wannan ciwo. Su a lokacin sun ɗora laifin a kan al'adun jego: wankan ruwan zafi safe da yamma, kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da yawan shan kunun kanwa. A 1992 kuma likitoci a Yamai, ƙarƙashin jagorancin Arnaud Cénac, suka auna jinin irin waɗannan mata suka ga sinadarin seleniyam ya yi ƙaranci a jikinsu in aka kwatanta da sauran masu jego. Wannan ya ja hankali, domin a yankin Keshan na ƙasar Sin an daɗe da sanin wani ciwon zuciya da ke da nasaba da ƙarancin seleniyam a ƙasar noma, wanda ya ragu sosai da aka fara ba jama'a sinadarin.

Daga baya Farfesa Kamilu Musa Karaye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranci wani babban bincike a asibitoci da dama na Najeriya, kan mata sama da 400, mafi yawansu daga Arewa maso Yamma. Sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna abubuwan da suka fi tafiya tare da ciwon su ne rama, rashin ilimin boko, rashin sana'a, da hawan jinin goyon ciki wanda kan kai ga jijjiga. Wankan jego da kunun kanwa ba su fito a matsayin sababin ciwon ba. A taƙaice, talauci da rashin kulawa lokacin ciki sun fi al'ada laifi. A 2020 ɗin dai Farfesa Karaye da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon gwajin seleniyam a kan mata 100. Waɗanda aka ba sinadarin na tsawon wata 3 sun fi samun sauƙin haki da sauran alamu, amma ƙarfin bugun zuciyar tasu bai fi na sauran farfaɗowa ba.

A lura da yadda aka yi wannan gwaji, domin nan darasin yake. An auna jinin matan aka tabbatar suna da ƙarancin sinadarin. An ba su shi a kan awo. An ba su shi ne tare da magungunan zuciya na asibiti, ba a madadinsu ba. Kuma likita na duba su. Seleniyam in ya yi yawa a jiki guba ne, yana zubar da gashi, yana lalata farce. Saboda haka kada wani ya ji wannan sharhi ya tafi kemis neman seleniyam ya kai wa matarsa.

Abin da mai ciki ke buƙata yana nan a wurin awon ciki. Ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe da folik asid, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace mai ciki ta riƙa sha kullum, tana hana ƙarancin jini, shi kuwa ƙarancin jini yana sa zuciya aikin da ya fi ƙarfinta. Inda abinci ba ya wadatar da kalsiyam, hukumar ta ba da shawarar a ba mai ciki shi don rage haɗarin hawan jinin ciki. Kuma a wurin awon ne za a ɗaura mata abin awon jini a dantse a gane matsala tun ba ta girma ba. Malam mai gida, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin kabu-kabun da za ka biya ta je awo sun fi ragon suna muhimmanci ga rayuwarta. Ku kuma iyayenmu da kakanninmu masu kula da jego, in kun ga mai jego ta kumbura ko tana haki, a dakata da kunun kanwa da ruwan zafi, a kai ta asibiti a ranar. Ko da kanwa ba ita ta kawo ciwon ba, tana ɗauke da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, wanda ke riƙe ruwa a jiki ya ƙara wa gajiyayyiyar zuciya kaya.

Yanzu mu zo kan abin da ya shafe mu a matsayinmu na mazauna bakin iyaka. Kaya na shigo mana ta kowace fuska, kuma magani na cikin kayan. A 2017 an wallafa binciken ingancin magungunan zuciya da hawan jini da aka saya a ƙasashen Afirka 10, har da Nijar. Kusan ɗaya cikin shida bai cika inganci ba. In haka ta samu maganin da hukuma ke sa wa ido, ina ga kwalbar da ke kwana a bayan mota, ta wuni cikin ranar watan Afrilu da zafinta kan haura digiri 40? Ku duba lambar hukumar NAFDAC, ku duba ranar lalacewa. Kuma ku sani, lambar da ke jikin kayan ganye da na ƙarin kuzari ba shaida ba ce cewa suna warkar da cututtukan da mai talla ya lissafa.

Akwai kuma matsalar harshe. Da yawa daga cikinmu kan ga likita a Sakkwato, wata rana kuma a Ƙonni ko asibitin Galmi. Can rubutun kwali da Faransanci, nan da Ingilishi, kuma magani ɗaya na iya zuwa da sunaye uku na kamfanoni daban-daban. Sai mutum ya haɗa biyu yana sha a zaton daban suke, jini ya faɗi, jiri ya kwashe shi. Duk inda za ka ga likita, ka tafi da kwalayen da kake sha gaba ɗaya. Kuma mun ga yadda aka rufe wannan iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar har zuwa Maris na 2024. Wanda maganinsa ke tsallake, ya nemi a rubuta masa ainihin sunan sinadarin, domin in hanya ta toshe ya same shi a wannan ɓangaren ba tare da ya yi fashi ba.

Sai ƙarin ruwa. Al'ada ta zama mana, da mutum ya ji kasala sai ya aika a kira mai kemis ya sa masa leda, a zuba bitamin a ciki ruwan ya koma ɗorawa, kowa ya ji daɗi an yi magani. Ga wanda zuciyarsa ta gaza, wannan ledar na iya zama ajalinsa, domin ruwan gishiri ne ake ɗura wa jikin da tuni ruwa ya yi masa yawa, kuma huhu zai nufa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Haka ma ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen da ake sayarwa a ƙulle, waɗanda 'yan dako da direbobi ke watsawa kullum da yamma: suna ɗaga jini, suna riƙe ruwa, suna taɓa ƙoda. Ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe su ma suna jawo hawan jini da suga. Maganin ƙarfin maza na iya kayar da mai shan wasu magungunan ciwon ƙirji nan take. Hatta bitamin C ɗin nan da ake jefawa a ruwa yana tafasa, sodiyam ne ke sa shi kumfar.

To in ba kwalba ba, mene ne? Amsar farko tana cikin tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da baligi zai ci a wuni ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan ya haɗa da duk abin da ya shiga baki tun daga safe har dare. Uwargida, ki lissafa da kanki: gishirin miya, dunƙulen magi uku ko huɗu wanda gishiri ne ya fi yawa a cikinsa, kanwar ɗanwake da ta miyar kuɓewa, yajin tsire da na kilishi, ƙullin ɗanɗanon taliyar yara, sannan mai gida ya ƙara barbaɗawa a kan akushi. Ba a ce a ci lami ba. A rage kaɗan-kaɗan, harshe zai saba cikin 'yan makonni. A mayar da daddawa matsayinta na da, a yawaita albasa, wadda Allah ya hore mana ita daga fadamunmu har zuwa Galmi, da tafarnuwa da citta da tumatir.

Wannan ma an gwada shi, kuma ya ci jarabawar da bitamin ya faɗi. A ƙauyuka 600 na ƙasar Sin an canza wa mutum kusan 21,000 gishiri: rabinsu suka ci gaba da na kullum, rabi aka ba su wanda aka rage wa sodiyam aka sa potasiyam. Bayan kusan shekara 5, a 2021, aka ga shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100 a wurin waɗanda aka rage wa sodiyam, mace-mace ma sun ragu. Sai dai mai ciwon ƙoda kada ya kusanci irin wannan gishiri sai da izinin likita.

Bitamin ɗin da ake sayar mana da tsada kuwa, yana nan a abincin da muka gada. Zogale, rama, yakuwa, lalo, kuka da alayyafo, wake da gyaɗa da riɗi, gero da dawa da ba a cire musu dusa ƙarƙaf ba, kifi, gwaba, mangwaro, kankana, goruba da magarya a lokacinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a nemi giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a wuni. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ya fi farar shinkafa da mai da yaji amfani ga zuciya nesa ba kusa ba. A rage kitse da kakiɗe da man shanu, a guji man suyan da aka yi ta maimaitawa har ya yi baƙi. Zoɓo, ƙananan gwaje-gwaje sun nuna yana ɗan sauke jini, amma in aka cika shi da suga an ɓata lissafi, kuma bai kai ya maye gurbin magani ba. Shayin majalisa mai suga rabin kofi, da lemon kwalba, da lemon ƙara kuzari da matasa ke sha don su kwana a kan babur, duk a sassauta musu.

Na biyu motsa jiki. Manomi da makiyayi da mai tura kura ba su ake nufi ba, su sun riga sun biya. Ana magana ne da Alhajin da ke zaune a shago daga hantsi zuwa Magariba, da ɗan canji, da direban da ke kwana a layi yana jiran a buɗe ƙofar iyaka, da ma'aikacin ofis, da Hajiyar da ke da masu yi mata komai. Minti 30 na tafiya da sauri, kwana 5 a mako, ya isa. Bayan sallar Asuba kafin rana ta ɗaga lokaci ne mai kyau. Masallacin da ƙafa za ta kai ka, bar babur a gida. Matar da ba ta fita, zagayen tsakar gida da ɗan hanzari ya wadatar. Wanda zuciyarsa ta riga ta taɓu kuwa, ya tambayi likita iyakar abin da zai iya.

Na uku taba. Sigari, shisha, da taba gari ta baki ko ta hanci, babu mai sauƙi a cikinsu. Wanda ya bari, haɗarin bugun zuciya na fara sauka masa tun a shekarar farko. Goro ma, mai hawan jini da mai jin faɗuwar gaba su rage shi.

Duk da haka, gyaran abinci da tafiya ba su isa ga kowa ba. In an auna ka sau da dama ana samun 140 bisa 90 ko sama, kuma likita ya rubuta magani, to ka sha. Mutane kan ce, ai in ka fara shan maganin hawan jini ba ka rabuwa da shi, jiki zai saba. Ba maganin ne ke kama mutum ba, ciwon ne ba ya tafiya. Wasu kuma sai sun ji ciwon kai su sha, in ya lafa su ajiye. Hawan jini na iya shekaru yana ɓarna ba tare da ciwon kai ko ɗaya ba, sai dai a wayi gari baki ya karkace. Kuma magungunan nan an gwada su a jikin irinmu. Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranci gwaji a ƙasashen Afirka 6 kan mutum 728, aka wallafa a 2019, aka ga haɗin da ke ɗauke da amlodipin ya fi sauke jinin baƙar fata. Amlodipin na cikin magunguna masu araha, sau da yawa na wata guda bai kai kuɗin kwalbar bitamin ɗaya ta ƙasar waje ba. Lokacin azumi kada a ajiye magani a ce sai bayan Sallah; a je wurin likita kafin watan ya kama ya tsara lokacin sha tsakanin buɗa-baki da sahur. Mace mai shan maganin hawan jini in ta samu ciki ta gaya wa ma'aikacin lafiya da wuri, domin wasu irin su lisinopril ba su dace da ciki ba.

Akwai alamun da ba a jira da su. Ciwon ƙirji kamar an danne mutum, yana tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, tare da gumi. Karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, sarƙewar magana. Numfashin da ya ƙi daidaita ko ana zaune. Nan ba wurin jiƙo ko kwalba ba ne. A yi addu'a a cikin mota, ana tafiya Babban Asibitin Illela, in sun tura Sakkwato a kama hanya, tafiyar kilomita 80 da 'yan kai ce. Yaro mai yawan ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, ko kumburin gaɓoɓi, shi ma a kai shi a duba, domin irin wannan ciwon in ba a magance shi ba yakan lalata ƙofofin zuciya tun da ƙuruciya.

Kiranmu ga hukuma shi ne, asibitocin sha-ka-tafi na ƙauyukanmu su kasance da abin awon jini mai aiki da magani mai inganci a kowane lokaci. NAFDAC da jami'an kwastan su sa ido a kan abin da ke shigowa da sunan ƙarin kuzari. Shugabannin kasuwa da na ƙungiyoyin direbobi su ware rumfa ɗaya ranar kasuwa inda ma'aikacin lafiya zai riƙa auna jama'a. Ba a buƙatar jiran 17 ga Mayu, ranar hawan jini ta duniya, ko 29 ga Satumba, ranar zuciya. Malamanmu da limamai su taimaka da faɗakarwa, domin maganarsu na shiga inda ta likita ba ta kaiwa. Mu ma kafafen yaɗa labarai da ke karɓar tallan magunguna, akwai haƙƙin masu sauraro a wuyanmu.

Kai kuma mai sauraro, in ka haura shekara 30 kuma ba ka san lambar jininka ba, wannan makon ka je a auna ka, awon ba ya cin minti 5. Ka tafi da uwargida da mahaifanka. A rubuta muku lambar a takarda ku adana, ku tambayi ranar da za ku koma.

Nan muka kawo ƙarshen sharhinmu na yau. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti, ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa.